Jumma da Sunan Ɗan Farinta

Duk shekarun da na yi gida ɗaya da Jumma a unguwar Hammadu Kafi da ke Gombe, ban taɓa jin sunan ɗanta ya fito daga bakinta ba, sai sau ɗaya. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ko tari ka yi sai an yi maka sannu daga ɗakin da ke ƙarshe. Ni tela ce, kekena a bakin ƙofa yake, kunnena kuma Allah bai rage shi da komai ba. Na ji Jumma tana kiran 'yarta Bushra da sunanta, tana kiran akuyarta da sunan da ta raɗa mata, har mai ruwan da ke turo mana kura ta san sunansa. Amma Mu'azzam, ɗan farinta, "yaron nan" ne, ko "wancan". Ranar da ta so yi masa gata sai ta ce "yayan Bushra".

Wanda ya zauna da Fulani ya san wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In an yabe shi ma sai ta kushe. Mu ma muna da irin wannan kunyar a gidajenmu, sai dai tamu ta sha ruwan birni ta yi laushi. Ta Jumma kuwa ta ruga ce, ba a taɓa sirka ta da komai ba.

A wata ruga ta wajen Dukku aka haife ta, can ta auri Bamanga, can ta haifi Mu'azzam. Ana yaye shi yayar mijinta, Goggo Halimatu, ta zo ta ɗauke shi ta tafi da shi Kaduna inda take aure, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Jumma ta taɓa gaya mini cewa ranar da za a tafi da shi ta ɗauki ƙwarya ta shige cikin shanu, ba ta fito ba sai da ta tabbatar sun yi nisa, don kada wani ya ga idonta. Dariya take yi lokacin da take ba ni labarin. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Daga baya shanun suka ƙare, wasu ciwo ya kwashe, wasu ɓarayi suka kora. Bamanga bai daɗe a bayansu ba, ya rasu. Jumma ta kamo hannun Bushra suka shigo Gombe, ta samu aikin bakace a kasuwar Tudun Hatsi. Tun safe take tafiya da faifanta, ta yini tana fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa daga masara da wake, ta dawo girarta da gashin idonta duk sun yi fari. Ba ta da ƙorafi, ba ta shiga faɗan tsakar gida, abin da har haushi yake ba ni, domin ni in an taka ni sai unguwa ta ji.

Mu'azzam ya dawo hannunta yana saurayi, bayan Goggo Halimatu ta rasu. Yaro ne dogo mai fara'a, ya yi boko, Turanci a bakinsa kamar ruwa. A Kaduna ya saba da uwar da take rungume shi, tana kiransa ɗan lele a gaban kowa. Ya zo ya tarar da wadda in ya shigo ɗaki sai ta sami dalilin fita. "Adda" yake ce mata, yadda 'ya'yan fari suke yi, kamar wata yayarsa. Ba wai bai san al'adar ba, an sha gaya masa. Ni da bakina na sha ce masa ya dubi kwanonsa ya dubi na Bushra, ya ga inda nama yake tafiya. In ya yi zazzaɓi Jumma ba ta leƙa shi, amma ba ta zuwa aiki, sai ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar waken da ta riga ta tsince. Sai ya yi murmushi ya ce ya sani, Maman Khairat. Kansa ne ya sani, zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba.

Ita kuwa Jumma abu ɗaya take so a duniya. An raba ta da yaron nan tun daga yaye, Allah ya dawo mata da shi, to ya zauna kusa da ita, ya gane da kansa abin da bakinta ba zai faɗa ba. Duk tsoronta kada ya sake tafiya.

Sai ga waƙa ta shigo tsakani. Mu'azzam yana da murya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yana gyaran waya a wani shago a unguwar Madaki, yana aiki yana rerawa, har 'yan mata suna kawo wayoyin da lafiyarsu ƙalau. Da wani gidan talabijin na Legas ya buɗe gasar waƙa, abokansa suka zuga shi ya je tantancewa, aka kuwa ɗauke shi. Ranar da zai tafi ya durƙusa ya yi wa Jumma sallama. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta a kan faifai. Da ya fita sai ta miƙa wa Bushra ƙullin dambun nama, ta ce ta bi wancan da shi, ta ce masa in ji Maman Khairat. Ni da ko tsinke ban saya ba, ni na sha godiyar.

Duk Lahadi da yamma tsakar gidanmu takan zama gidan kallo. Ya Aisa, wadda rikici ya koro su daga Borno, ita ce mai talabijin da tauraron ɗan'adam, sai ta fito da shi ta ɗora a kan turmi. Edna ta ɗakin kusa da nawa, malamar asibiti 'yar Billiri, tana waƙa a cocinsu, don haka ta naɗa kanta alƙaliya ta huɗu bayan ukun da ke cikin akwatin. In mawaƙi ya fito, kafin ya buɗe baki ta yanke masa hukunci. Akwai wata yarinya mai jan murya sama har sai jijiyar wuyanta ta fito, Edna ta ce wannan ita ce gwana, Ya Aisa ta ce a ba baiwar Allah ruwa kada ta shiƙe a gabanmu. Akwai wani mai tsalle-tsalle da rigar da ba ta kai cibiya ba, ni ɗinkin kawai nake kallo ina tsaki, don telan da ya yi masa wannan aika-aika ya cancanci a karɓe kekensa. Mukan yi musu har tuwo ya kama a tukunya.

Da an kira sunan Mu'azzam kuwa, gidan sai ya yi tsit. Yakan haɗa Hausa da Fulatanci, wani lokaci ya saka Turanci kaɗan don alƙalan su samu abin kamawa. A wani mako ya rera wata waƙar tatsar nono, wadda Jumma take yi ƙasa-ƙasa in tana wanke-wanke. Ban san ya haddace ta ba. Wata alƙaliya ta miƙe tsaye tana tafi, Edna ta share hawaye ta ce yau ba ta da gyara. Na waiga in ga Jumma, ba ta nan. Kullum haka take yi, ana kiransa za ta tuna akuya ba ta sha dusa ba, ta zagaya bayan ɗaki. Amma bangon nan bai kai tsayin mutum ba, kuma akuyar nan ko kallon dusar ba ta yi, don ta ƙoshi tun ɗazu. Washegari abin da ta samo a bakace sai ta danƙa wa Bushra, ta ce a sa kati a waya a zaɓi wanda ya dace. Ba ta taɓa cewa wane ba.

Da gasar ta zo kusa da ƙarshe, masu shirin suka ce za su bi gidajen waɗanda suka rage, su ɗauki hoton iyayensu suna kallo, a nuna wa duniya yadda suka ji. Bushra ta yi ta lallashin uwarta, ta ce duk iyayen sauran za su fito, in ita ba ta fito ba za a ce yayanta ba shi da kowa, ƙuri'unsa su ragu. Wannan maganar ce ta kama Jumma. Ta kawo mini atamfar da take ajiya tun bikin wata ƙanwarta, na ɗinka mata. Ta sa lalle, ta share tsakar gida har sau biyu. A tunaninta za ta zauna ne kawai a gan ta, a san yaron yana da uwa.

Wanda ya zo da kyamara wani saurayi ne mai suna Danny, Hausarsa ta kasuwa ce, da ita yake lallaɓawa. Ya zaunar da Jumma a kujera a gaban talabijin, mu ya jera mu a baya kamar 'yan rakiyar amarya, ya kunna waƙar Mu'azzam ta makon da ya wuce, ya saita kyamarar a fuskarta. Yau babu akuya, babu bayan ɗaki. Ga baƙo namiji, ga maƙwabta, ga yaran unguwa sun cika zaure. Jumma ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon bango har waƙar ta ƙare.

Danny ya ce, "Mama, yaya kika ji waƙar ɗanki?"

Ta ce, "Ni ban san shi da waƙa ba. Yarinyar nan mai jan murya ta fi shi."

Ya ce to ta kira sunansa, ta ce wa 'yan Najeriya su zaɓe shi. Jumma ba ta ɗago ba. Ya sake faɗa, Bushra ta maimaita mata da Fulatanci. Na ga yatsunta suna murza bakin mayafi, na san abin da ake nema a wajenta ya fi ƙarfinta. Can ta ɗago kaɗan ta ce, "Ai ɗan Halimatu ne. Ba nawa ba ne."

Duk wanda ke tsakar gidan nan ya san abin da take nufi. Ta girmama wadda ta raine shi ne, ta ba marigayiya haƙƙinta, kamar yadda kowace Bafulatana mai tarbiyya za ta yi. Ya Aisa har gyaɗa kai ta yi. Amma na ga yadda idon Danny ya yi haske. Na bi shi har ƙofar gida ina yi masa bayani, na ce al'ada ce, kunya ce, matar nan kuɗin cefanenta take zubawa a zaɓen yaron. Na ce ya kunna abin nasa ni in faɗa. Ya ce babu damuwa, Mama, ya gane, yana ta murmushi yana naɗe wayoyinsa. Da na san abin da zai biyo baya, da a rijiya kyamarar nan ta kwana.

Lahadin da ta biyo, kafin kowane mawaƙi ya yi waƙa sai a nuna masa gidansu a wani babban allo. Uwar mai jan murya ta fito tana rawa da kuka. Uban mai tsalle-tsalle ya ɗaga hannu sama yana kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe. Sannan aka zo kan Mu'azzam. Ga Jumma a atamfar da na ɗinka, ta juya wa waƙar ɗanta ƙeya. Suka rubuta maganarta da Turanci a ƙasa, suka sa wani kiɗa mai sanyi irin na mutuwa, suka maimaita "ba nawa ba ne". Babu wanda ya ce uffan game da al'ada.

Kyamara ta koma kan fuskar Mu'azzam. Na san yaron nan, na san lokacin da yake wasa. Wannan ba wasa ba ne. Ya fara waƙar, muryar ta karye a tsakiya, ya tsaya. Mai gabatarwa ya dafa shi ya tambaye shi abin da zai ce. Ya yi magana da Turanci, a hankali. Edna ta dafe baki, Bushra ta tashi ta shige ɗaki.

Jumma tana bayan bango kamar kullum. Ta leƙo ta ce, "Me wancan ya ce?"

Muka dubi juna. Daga ƙarshe Edna ta ce yana gaishe ki ne, Inna. Abin da ya faɗa kuwa shi ne, tun ranar da Goggonsa ta rasu ya san ba shi da uwa, yau dai duniya ta gani da idonta.

Ƙaryar Edna ba ta kwana biyu ba. A Tudun Hatsi wasu samari masu dako suka nuna wa Jumma hoton a waya, suka fassara mata har da ƙari. Abin ya zagaye ƙasa. Alƙalan sun yi kuka, masu kallo sun yi kuka, mutanen da ba su san ko ta ina ake shiga Gombe ba suka zauna suna tsine wa matar da ba su taɓa gani ba. Wasu suka ce don yana waƙa ne ta yafe shi, wasu suka ce irin waɗannan iyayen ba su cancanci haihuwa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai 'ya'yan garin nan ne, waɗanda kakanninsu har gobe ba sa kiran sunan 'ya'yansu na fari, su ma suka bi sahu suna zagi don a ce sun waye. Dattawan unguwa kuwa suka riƙa aiko mata da yabo, wai ta nuna ita 'yar asali ce. Yabon nan bai ba ta barci ba, bai sa ta ci abinci ba.

Ƙuri'u suka yi ta zubo wa Mu'azzam. Bai zo na ɗaya ba, amma ya fi wanda ya ci gasar farin jini. Duk inda aka gayyace shi hira, labarin uwar da ta ƙi shi ake so ya bayar, shi kuma yana bayarwa. Ba zan ce ƙarya yake yi don neman kasuwa ba. Abin da ya daɗe yana zargi a ransa ne aka haska masa a allo a gaban jama'a, ya gaskata. Aka gama gasa, kowa ya koma gida, shi ya zauna a Legas. Yana kiran Bushra, yana aiko da saƙo, har ni yakan ce a gaishe ni. In Bushra ta ce ga Inna, sai ya ce ana jiransa.

Damina ta wuce, kaka ta zo, lokacin da aikin bakace ya fi yawa. Jumma tana zuwa tana dawowa, amma ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Ta daina waƙar wanke-wanke. In an kunna talabijin, ko labarai ne, sai ta shige ɗaki. Na kira Mu'azzam da kaina na wanke shi tas, na ce wace irin boko ce wannan da ta hana shi gane uwarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Maman Khairat, kalma ɗaya aka ce ta faɗa. Sunana kawai." Na bar faɗan, don ta wani ɓangaren shi ma abin tausayi ne.

Ban gaya wa Jumma wannan ba, Bushra ce, da ta ji muna wayar, ta gaya mata. Wata ranar Juma'a da hantsi, ina cikin ɗinki, sai ga su sun shigo ɗakina, Jumma ta saki labule. Ta ce Bushra ta ce akwai yadda ake magana a waya a aika, kamar kaset. Tana so ta yi, amma ba a tsakar gida ba. Na ce in fita in ba su wuri, ta ce in zauna, in ya ce ba ita ba ce ni shaida ce.

Bushra ta danna ta riƙe mata wayar a bakinta. Jumma ta yi sallama. Ta tambayi lafiya, ta tambayi ko ana samun abinci mai kyau a can, ta ce akuya ta haihu. Bushra ta saki hannu ta ce Inna, ba wannan ba. Aka sake. Ta kai bakin sunan ta tsaya, gumi yana tsattsafo mata a goshi kamar mai naƙuda. Aka sake. Ni kaina sai da na ji kunya ta kama ni, na dubi ƙasa, domin ji na yi kamar ana tuɓe dattijuwa a gabana. A ƙarshe ta runtse ido, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Mu'azzam. Mu'azzam, ɓingel am. Ni na haife ka. Ka dawo gida."

Ɓingel am, wato ɗana. Tana gama faɗa ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta daɗe a haka. Bushra tana kuka ta aika. Ni kuwa har na fara lissafin abin da za a dafa ranar da zai sauka, don ban ga ɗan da zai ji wannan ya ƙara kwana a wani gari ba.

Amsar ta zo bayan la'asar, a rubuce, zuwa ga Bushra. Ta karanta ta kife wayar. Jumma ta ce ta faɗa mata yadda yake, kada ta yi mata irin ta Edna. Bushra ta karanto: ya ji saƙon, ya san Adda ba za ta taɓa faɗin haka da kanta ba, don Allah mu daina tilasta wa baiwar Allah abin da ba ya ranta. Ya yafe mata, ba sai an sake wahalar da ita ba.

Na fizge wayar na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira, a kashe. Na shiga surfa faɗa ni kaɗai, ina zagin Danny, ina zagin talabijin da wanda ya ƙirƙiro ta. Jumma tana zaune a bakin gadona, hannayenta a kan cinya, tana kallon ƙyallayen da suka zube a ƙasan keke. Da na gaji na yi shiru, sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Maman Khairat, ai kin ji na faɗa."

Na ce na ji.

Ta ce, "To, ban da wannan, me kuma nake da shi da zan ba shi?"

Ina da bakin da unguwar nan take tsoro, amma na duba ko'ina a cikinsa ban samo mata amsa ba. Ta jira ni kaɗan, sannan ta miƙe, ta ɗaga labule ta fita.